Baƙon Mosko a Gidan Kaji: Kundin Aikin Majigin Ranar Ma'aikata

12 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda aikin ya fara yawa, takardu sun watsu a kan tebur, kuma waɗanda suka yi mini alkawarin aron majigi da lasifika sun cancanci su san inda aka kwana. Ga abin da na ɗauko: in tattara tsofaffin finafinan katun na Amurka, daga 1919 zuwa wajen 1950, waɗanda suka taɓo yajin aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, in sa musu fassarar Hausa, mu haska su a filin wata makarantar unguwarmu a daren 1 ga Mayu, ranar ma'aikata. Duka-duka kada ya wuce minti hamsin.

Ba da niyya na faɗo cikin wannan ba. Sana'ata tace bidiyo ce, na biki da na talla. A watan Nuwamba ina laluben tsofaffin hotunan da ba su da mai haƙƙi don wani tallan abincin kaji, sai na ci karo da Alice's Egg Plant, wani gajeren fim marar magana da Walt Disney ya fitar a 1925, shekara uku kafin fitowar Mickey Mouse. Na zaci wasan kaji ne kawai. Sai ga kaji ɗauke da kwalaye suna yajin aiki, ga kuma wanda ya zuga su riƙe da akwati an rubuta Mosko a jiki. Sau huɗu na kalle shi a daren. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara 22 a masaƙa a Kaduna, kuma na tashi ina jin yadda ake cewa duk ranar da suka nemi haƙƙinsu wai wasu ne daga waje ke hure musu kunne. Ban taɓa tsammanin zan tarar da wannan magana an zana ta da kaji da muzuru tun shekara ɗari da suka wuce ba.

Batun haƙƙin mallaka da sauƙi ga tsofaffin. A dokar Amurka, daga farkon 2025 duk abin da aka fitar a 1929 ko kafin nan ya zama na kowa.

19 ga Janairu

Na samo mafi tsufa a jerin, kuma shi ne mafi muni. Sunansa Uncle Sam and the Bolsheviki-I.W.W. Rat, kamfanin motoci na Ford ne ya yi shi a 1919. Henry Ford ya kafa sashen shirya finafinai a kamfaninsa tun 1914, yana raba wa gidajen silima labaran mako kusan a kyauta, don haka abin da ya ga dama shi talakan Amurka ke gani kafin a fara babban fim. Wannan gajere ne ƙwarai. Uncle Sam, dattijon nan mai gemu da Amurkawa ke kwatanta ƙasarsu da shi, ya fito a manomi, ga buhunan hatsi an rubuta musu cewa su ne cibiyoyin da Amurka ta ginu a kai. Ɓera ya ɓullo, a jikinsa an rubuta Bolshebik da IWW. Manomi ya ɗaga shebur ya kashe shi. Sai rubutu ya ce 'yan Bolshebik su ne ɓerayen wayewar duniya.

Dole in yi wa masu kallo bayanin sunayen nan biyu, don aikin fim ɗin gaba ɗaya shi ne manna su a jikin dabba guda. Bolshebik jam'iyyar Lenin ce da ta ƙwace mulki a Rasha a 1917. IWW kuwa ƙungiyar ƙwadago ce ta Amurka, an kafa ta a Shikago a 1905, ta rungumi waɗanda manyan ƙungiyoyi suka raina: masu saran itace, 'yan haƙar ma'adinai, leburorin gona masu bin damina, baƙin haure, baƙaƙen fata da mata. Tana da zafi, ba ta ɓoye cewa tana son ma'aikata su mallaki masana'antu ba, amma ba daga Mosko ta zo ba, ta girmi juyin Rasha da shekara 12.

Shekarar 1919 kuwa tukunya ce a kan wuta. A Fabrairu ma'aikata kusan 65,000 suka tsayar da birnin Siyatul cak. A Satumba 'yan sandan Boston suka yi yaji, ma'aikatan ƙarfe kusan 350,000 suka bi baya. A Nuwamba, a garin Centralia, aka fizgo wani ɗan IWW, Wesley Everest, daga gidan yari aka rataye shi. A Disamba aka loda mutum 249 a jirgin ruwa aka nufi Rasha da su. Shekara biyu kafin nan ma, a Bisbee ta jihar Arizona, an cusa 'yan haƙar tagulla sama da 1,000 a taragon shanu aka zubar da su a hamada. Wanda ya zauna a silima a shekarar ya ga shebur ya sauka a kan ɓera, ya san da wa ake.

Na yi ta kai-komo tsakanin ɓera da gafiya. Na tsaya a kan ɓera, don a wurinmu halin ɓera sata ce, kuma abin da fim ɗin ke nufi ke nan: mai neman ƙarin lada ɓarawon rumbu ne.

26 ga Janairu

Na gama fassarar na kajin, na kai wa Baffa ya gani. Ƙanen mahaifina ne, tare suka yi masaƙa, shi ya riƙe wakilcin ma'aikatan sashensu shekaru da dama. Idonsa ya yi rauni, sai da na ƙara girman rubutun a kwamfuta.

Labarin kaɗan ne. Yarinya Alice tana da gidan kaji, muzuru Julius ne ke tsaye a kan kajin yana karɓar ƙwai. Aka aiko ana son ƙwai 5,000. A daidai lokacin baƙo ya sauka, sunansa Little Red Henski, wato sunan jar kazar tatsuniyarsu ne aka liƙa wa wutsiyar sunan Rashawa, a jikin akwatinsa ga Mosko ga IWW. Ya tara kaji ya yi musu lacca, suka ajiye aiki, suka fito da kwalaye. Ɗaya na cewa a rage awoyin aiki, ɗaya na cewa a rage girman ƙwai. Alice da muzuru ba su zauna da kowa ba, ba su tambayi kaji me ke damunsu ba. Suka haɗa damben zakaru biyu, kuɗin shiga ƙwai ɗaya. Kajin da suka rantse ba za su saka ƙwai ba suka yi layi, kowacce ta biya da nata.

Baffa ya yi dariya sosai a wurin damben, har da goge hawaye da bakin riga. Da ya ƙare sai ya ce, "Ɗana, maido mini baya, wurin mai akwatin nan." Na mayar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ranar da muka nemi a ba mu abin rufe hanci saboda ƙurar auduga, ka san abin da manaja ya fara tambaya? Bai ce nawa ne kuɗinsa ba. Cewa ya yi wa ya aiko mu. Mu da muke tofar da auduga a majina kullum, wai sai an aiko mu." Na ce, "Baffa, amma ai akwai masu zuga ɗin da gaske." Ya ce, "Akwai mana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan mai zanen ya zana ƙadangaren, ya shafe tsagar."

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, ban ma san tana kallo ba. Da kwalin rage girman ƙwai ya sake wucewa sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wanda bai taɓa naƙuda ba shi zai ga abin dariya a nan."

Wannan magana ta gyara mini fahimta. Na ɗauka dabarar fim ɗin ita ce jera buƙatar gaske kusa da ta shirme don dariyar ɗaya ta kwashe ɗayar. Rage awoyin aiki ai ba wasa ba ne. A kan neman awa takwas aka zubar da jini a Shikago a watan Mayun 1886, daga nan ma ranar 1 ga Mayu ta samo asali. To ashe ta biyun ma ba shirme ba ce a wurin mai saka ƙwan. Shirme ce kawai idan kana tsaye a inda Alice take, kana ƙirga 5,000. Fim ɗin bai yi gardama da kaji ba, ya dai zaunar da mai kallo a kujerar mai gidan kaji, ba tare da ya lura ba.

2 ga Fabrairu

Kwana huɗu babu wuta, man janareta ya fi ƙarfin aikin sa-kai. Abin da na iya kawai shi ne rubuta jadawalin lokutan fassara da hannu a littafi. Na kuma gano cewa kwafin na kajin da nake da shi yana gudu fiye da kima, don finafinan da ba su da magana ba a saurin na yanzu aka ɗauke su ba. Sai na rage masa gudu kafin rubutun Hausa ya samu wurin zama, ga shi jimlarmu ta fi ta Turanci tsawo.

9 ga Fabrairu

Makon nan ya canja wa aikin alƙibla. Na fara da tambayar me katun ɗin ke faɗa, yanzu tambayar da ta hana ni barci ita ce wa ya zana su.

On Strike, na 1920, na Mutt da Jeff ne, dogo da gajere, waɗanda Bud Fisher ya ƙirƙira a jarida. An ɗauka fim ɗin ya ɓace, sai aka tsinto kwafinsa a rumbun adana finafinai na Ostireliya, aka mayar da shi Amurka. A ciki su biyun sun ga hoton ubangidansu Fisher, shi kansa ba zane ba, yana cikin daula, alhali su ke yi masa wasan. Suka nemi kaso mai tsoka na riba da rage awoyin aiki. Ya ƙi. Suka yi yaji, suka ce za su yi nasu fim da kansu. Suka zana, suka ɗauka, suka haska, 'yan kallo suka ƙi shi. Suka koma wurin Fisher da kai a sunkuye.

Saƙon a fili yake: idan babu maigida, ma'aikaci ba zai iya komai ba. Ga kuma gaskiyar da ke bayan labule. Fisher ba shi ke zana finafinan nan ba. A wani ɗakin zane a Niyu Yok ake yin su, wanda Raoul Barré da Charles Bowers suka kafa, masu zane suna fitar da sabo kowane mako, sunan Fisher kaɗai ke bayyana a allo. Wato mutanen da suka zauna suka zana labarin cewa ma'aikaci ba zai iya yin fim ba sai da maigida, su ne ma'aikatan da ke yin fim ɗin ba tare da hannun maigida ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ina son wannan yanki fiye da kowanne, don a tsakiyarsa an nuna yadda ake aikin zanen daki-daki, ka ga wahalar da idonka, sannan a ce maka ba ta da daraja.

Haka labarin Felix, muzurun da ya fi kowane katun suna kafin Mickey. Otto Messmer ne ke zana shi, sunan Pat Sullivan ke kan allo. Na sa Felix Revolts na 1923 a jerin da gangan, don ya saɓa wa sauran. Hukumar gari ta hana kyanwoyi zama, Felix ya tara su ya yi jawabi, suka daina kamun ɓeraye, ɓeraye suka mamaye gari, mutane suka zo suna roƙo. A nan yajin ya ci nasara, kuma mai kallo yana bayan masu yajin. Ba zan ɓoye shi don labarina ya miƙe ba. Yana nuna cewa ba dole ne katun ya tsaya bayan maigida ba, zaɓi ne ake yi.

23 ga Fabrairu

Yankin tsakiya ba shi da katun, hotuna ne na tsaye da bayani, kuma shi ya fi cin lokaci.

Sai na fara nuna yadda ɗakin zane yake, in ba haka ba yajin masu zane zai zama wa mutane kamar yajin 'yan gata. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, sama da 10,000 ke nan a fim na minti bakwai, ko da ana ɗaukar zane ɗaya sau biyu aikin na dubbai ne. Babban mai zane yana yin manyan motsi, masu cike tsakani su zana abin da ke tsakanin wannan da wancan, sai a miƙa wa masu bin layi da tawada a kan leda mai garai-garai, sannan masu shafa fenti a bayanta. Sassan ƙarshen nan galibi mata ne, su ne kuma mafi ƙarancin albashi. Da na nuna wa Baffa tsarin sai ya ce, "Ai masaƙa ce, zaren ne kawai babu."

A 1935 aka kori wata mai bin tawada, Sadie Bodin, daga kamfanin Van Beuren a Niyu Yok saboda harkar ƙungiya. Ta tsaya a ƙofar kamfanin da kwali, ita da mijinta. A shekarar ce aka yi dokar Wagner da ta bai wa ma'aikatan Amurka 'yancin kafa ƙungiya, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Afrilun 1937. Wata bai cika ba, a farkon Mayu, ma'aikatan kamfanin Fleischer, masu yin Popeye da Betty Boop, suka fita yaji bayan an kori mutum 15. Wata biyar suka yi. Kwalayensu sun burge ni: ɗaya ya mayar da Popeye ɗan ƙungiya, wani ya ce albashin dala 15 ba ya sayen alayyafo mai yawa, shi kuwa Popeye da alayyafo yake samun ƙarfi. Wannan ya fassaru cikin Hausa ba tare da na taɓa komai ba. Kamfanin ya sa hannu a Oktoba, a 1938 kuma ya tattara ya koma Miyami, inda ƙungiyoyi ba su da ƙarfi.

A watan Mayun 1937 ɗin dai, ranar 26, 'yan dabar Ford suka yi wa jagororin ƙungiyar ma'aikatan mota dukan kawo wuƙa a kan wata gada a ƙofar masana'antar River Rouge, a gaban masu ɗaukar hoto. Zan sa hoton nan kusa da na shebur da ɓera. Shekara 18 ne tsakaninsu, kamfani ɗaya.

15 ga Maris

Azumi ya rage gudun aiki, bayan tarawihi nake samun awa ɗaya ko biyu. Na gama yankin Disney na 1941, kuma na cire abu guda da na so ƙwarai.

Tarihin a taƙaice. Fim ɗin Snow White na 1937 ya kawo kuɗi, ma'aikata sun yi dare da rana a kansa, rabon garaɓasa bai gamsar da da yawa ba. Kamfani ya koma sabon gini a Burbank, yaƙin duniya ya rufe kasuwar Turai, Pinocchio da Fantasia suka kasa mayar da kuɗinsu a 1940, aka fara maganar rage ma'aikata. Art Babbitt, wanda ya gina halin Goofy, ya zana muguwar sarauniya a Snow White, yana cikin masu ɗaukar albashi mafi tsoka, amma ya tsaya wa na ƙasa. Aka kore shi a ƙarshen Mayu, ranar 29 yaji ya fara. Sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani, Walt ya tafi rangadin Kudancin Amurka, aka amince da ƙungiyar. A Yunin shekarar Ford ma ya sa hannu da ƙungiyar ma'aikatan mota. Mai ɓera da mai kaji sun sauko a shekara ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini jerin nan wuri guda shi ne wannan. A Yulin 1941 Walt ya sayi fili a jaridar Variety ya ce ya tabbata zugar 'yan gurguzu ce ta haddasa yajin. Ranar 24 ga Oktoba, 1947, ya zauna gaban kwamitin majalisar wakilai mai farautar 'yan gurguzu, ya kira sunan Herbert Sorrell, jagoran ƙungiyar, da David Hilberman, tsohon ma'aikacinsa. Labarin Henski ne ya dawo, amma yanzu da sunayen mutane masu iyali.

Ina son in yi wa Walt adalci a bayanin. A 1925 shekararsa 23, ɗakin zanensa ƙarami ne, ba shi da ƙungiyar da zai yaƙa. Mahaifinsa Elias ma ɗan gurguzu ne a ra'ayi, kuma Walt yana yaro yana kwaikwayon zanen jaridar 'yan gurguzu ta Appeal to Reason da ke zuwa gidansu. A 1928 Charles Mintz, mai rarraba finafinansa, ya ƙwace masa zomo Oswald tare da yawancin masu zanensa, tabon nan bai warke ba. Ban yarda cewa saurayin 1925 ya zauna ya ƙulla makirci ba. Ya ɗauki abin dariyar da ke yawo a gari ne, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don yana nuna maganar ta riga ta zauna har ba ta buƙatar hujja.

Abin da na cire shi ne yankin Dumbo, na Oktoban 1941, inda 'yan wasan barkwanci ke shaye-shaye suna waƙar za su je su matsa wa babban maigida ya ƙara musu albashi. An daɗe ana cewa zambo ne aka yi wa masu yajin. Amma mafi yawan zanen fim ɗin an yi shi kafin yaji, kuma Babbitt kansa yana cikin waɗanda suka zana 'yan barkwancin. Ga shi har yanzu yana ƙarƙashin haƙƙin mallaka. Ba zan tsaya gaban tsofaffin ma'aikata a ranarsu in sayar musu da abin da ƙafarsa ke rawa ba.

6 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Na koma kan na ƙarshe, waɗanda suka fi wuyar sha'ani don babu shebur a cikinsu.

John Sutherland tsohon ma'aikacin Disney ne. Bayan yaƙi ya yi jerin katun masu launi wa kwalejin Harding ta jihar Arkansas, da kuɗin gidauniyar Alfred P. Sloan, shugaban General Motors. A Make Mine Freedom na 1948, ma'aikaci da mai masana'anta da manomi da ɗan siyasa suna cacar baki, sai ga wani mai tallar magani da kwalba, ya ce kowa ya sha zai samu abin da yake so, sa hannu kawai zai yi ya miƙa 'yancinsa. Baƙon mai akwati ne ya dawo da kwat. Why Play Leap Frog? kuwa ma'aikacin kamfanin 'yar tsana ne aka yi wa ƙarin albashi, ya je saya wa 'yarsa 'yar tsanar ya tarar farashi ya tashi, sai murya mai taushi ta koya masa cewa ladan ma'aikata ne ke tura farashi, mafita ita ce ya ƙara yawan abin da yake samarwa.

Wani abokina malamin tattalin arziki ya kalla ya ce wannan ba adawa da ƙungiya ba ce, darasi ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mun yi awa biyu a kai. Na yarda da shi rabi: fim ɗin farko ma ya nuna hana yajin aiki a matsayin zalunci. Amma na ce ya duba wanda ya biya kuɗin da kuma lokacin. Daga Nuwamban 1945 ma'aikatan General Motors suka yi yajin kwana 113, Walter Reuther, jagoransu a ƙungiyar ma'aikatan mota, na neman ƙarin kashi 30 cikin ɗari ba tare da an ƙara farashin mota ba, ya ce kamfani ya buɗe littattafansa a ga ko riba za ta ɗauka. Kamfani ya ƙi buɗewa. A 1947 aka yi dokar Taft-Hartley da ta rage wa ƙungiyoyi ƙarfi. Sai ga katun da kuɗin gidauniyar shugaban kamfanin yana bayanin albashi da farashi, yana wuce batun riba da sauri. Amsa ce ga Reuther, aka sa ta a bakin 'yar tsana.

Baffa da ya ga wannan kalma ɗaya ya ce: "Udoji." Ya tuna 1975, da aka biya ƙarin albashin kwamitin Udoji da bashin baya, kasuwa ta haukace, aka ɗora wa ma'aikata laifin. Na san filin zai amsa a wannan wuri, ga mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, ga farashin buhun shinkafa.

Don kada a zaci masu zane sun yi shiru, zan sa daƙiƙa talatin na Hell-Bent for Election na 1944, wanda ƙungiyar ma'aikatan mota ta biya don yaƙin zaɓen Shugaba Roosevelt. Hilberman da abokansa da suka bar Disney ne suka shirya shi, Chuck Jones ya ba da umarni, daga wannan ƙaramin kamfani ne kamfanin katun na UPA ya fito.

13 ga Afrilu

Gwajin farko a tsakar gidan Baffa, a jikin farin zanen gado. Mutum goma sha huɗu, rabi yara.

Yaran sun yi ta tsalle a wurin damben zakaru, wani ɗan shekara bakwai ya yi ta kiran kajin wawaye. Na tsayar da fim na tambaye shi me ya sa. Ya ce ai sun bi maganar mai akwati. Ba wanda ya karanta masa rubutun, bai san Mosko ba, amma saƙon ya isa gare shi cif. Shekara ɗari, wani harshe, wata nahiya, abin bai rage kaifi ba.

Muryar da na ɗora a kan hotunan ba ta yi aiki ba. Ta yi kama da labaran rediyo, mutane suka fara hira a kanta. Da Baffa ya fara tsoma baki daga kujerarsa kuwa, tsit ake yi. Ya tuna mana majigin da ake kawowa ƙofar fada suna yara, da mutum tsaye riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da Bature ya ɗauko, yana ƙara gishirinsa. Na ce, "Baffa, ko za ku riƙe mana lasifikar ranar?" Ya ce zai yi shawara da Inna. Inna ta ce an gama shawara.

Wata maƙwabciya mai ɗinki a shagon wani ta tambaya ko matan fentin nan an taɓa rubuta sunansu a allo. A finafinan da muka kalla, a'a. Na ƙara minti biyu a kan sashensu.

24 ga Afrilu

Inda aka tsaya: fassarar finafinai shida ta kammala, na Ford, Mutt da Jeff, Felix, na kaji, da biyu na Sutherland da na yanke zuwa minti huɗu-huɗu. Na goge muryata gaba ɗaya, na bar gurabe tara na shiru inda Baffa zai yi magana, na buga masa sunaye da shekaru da manyan baƙaƙe a takarda uku. Tsawo ya kai minti 53, sai na rage uku, wataƙila daga yankin Fleischer, ko da yake raina bai so.

Na sauya jeri. Da na Ford ne farko saboda shekara, yanzu na kaji zai buɗe, a bar mutane su yi dariyarsu son rai kafin Baffa ya ce a maido baya wurin mai akwati. Na ɓera zai biyo shi nan take.

Shugaban makarantar ya ba da fili, da sharaɗin mu tashi kafin ƙarfe goma. Majigi ya iso, fitilarsa ta ɗan dushe, sai bayan isha'i hoton zai fito sosai. Saura kuɗin man janareta lita goma, tabarmi na mata da yara, da wanda zai ɗauko Baffa a Keke Napep ya mayar da shi. Gobe da yamma zan je mu yi bitar takarda ta biyu, har yanzu yana kiran Babbitt da Habibu.